Yadda ake sayar da motar tokumbo a Kano ba tare da sunanka ya bi ta ba

Tun da na ba da labarin abin da ya sami ƙanina, kusan tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: mutum ya sayar da motarsa 'yar waje, ya karɓi kuɗinsa, an yi musabaha an rabu, to me kuma ya rage a wuyansa? Ga wanda bai ji ba, ƙanin nawa ya sayar da Corolla ɗinsa ne ta hannun dillali a wani wurin sayar da motoci da ke titin Zariya. Abin da ya riƙe kawai rasit ne mai layi uku. Bayan kusan shekara biyu sai ga 'yan sanda a ƙofar gida. Motar ta buge mai babur, direba ya tsere ya bar ta, da aka bincika lamba sunansa ne ya fito. A lokacin ta riga ta ratsa hannu uku. Ya fi mako yana zarya kafin a gano wanda take hannunsa, kuma ba don dillalin yana raye yana tuna cinikin ba, da abin ya fi haka tsawo.

Nauyin da ke kan mai sayarwa iri biyu ne. Akwai na abin da motar ta zo da shi: kuɗin fito, wato duti, da ba a biya daidai ba, ko asali mara tsabta, ko aibin da aka ɓoye. Wannan yana iya dawo maka ko bayan shekaru. Akwai kuma na abin da za a aikata da ita bayan ta bar hannunka, shi kuwa canjin suna a rajista ne yake yanke shi. Ka bi matakan nan yadda aka jera su, domin makulli shi ne na ƙarshe.

1. Tattara takardu kafin ka kai ta kasuwa

Idan motar sabuwar shigowa ce, ba a taɓa yi mata lamba ba, abin da ake buƙata shi ne takardun kwastan cikakku: fom ɗin SGD da aka bayyana motar a cikinsa, takardar ƙiyasin duti, rasit na bankin da aka biya, da takardar fita daga tashar jiragen ruwa. Idan takardar lodin jirgi tana nan, da takardar mallaka ta ƙasar da ta fito, ka haɗa da su.

Idan kuwa ka yi mata rajista ka hau ta, sai ka ƙara da takardar shaidar mallaka, da takardar ba da lamba, da lasisin mota, da takardar lafiyar mota ta jami'an VIO, da inshora. Ka kuma nemo rasit ɗin da kai ka saye ta da shi. Mutane suna raina wannan rasit, alhali sau da yawa sunan da ke kan takardun kwastan ba naka ba ne, na wanda ya shigo da ita ne ko kamfaninsa. Rasit ɗin shi ne igiyar da ta haɗa wancan suna da naka.

Hattara: asalin takardu kada su bar gidanka a wannan mataki. Kwafi za ka ba dillali. Motar da aka bar ta a wurin sayarwa da asalin takardunta a cikin aljihun gaba, ana iya sayar da ita kana barci.

Motar marigayi kuma hukuncinta daban. Kada ɗa ɗaya ya sayar da ita da bakinsa. Sai da yardar magada a rubuce, ko takardar kotun da ta raba gadon.

2. Gwada lambar shasi, ka tabbatar da duti

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci, domin a nan manyan rigingimu suke kwance.

Lambar shasi, wadda ake kira VIN, haruffa da lambobi ne guda 17, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinta. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ka ɗauki biro ka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da abin da ke kan kowace takarda. Harafi ɗaya idan ya saɓa, a wurin hukuma wata motar ce daban.

A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, alama ta goma ita ke nuna shekarar mota. Daga 2001 zuwa 2009 lambobi ne, 1 zuwa 9. Daga nan A ita ce 2010, B 2011, C 2012, haka har H ta 2017, sai J ta 2018. Amfanin sanin wannan shi ne, tsohuwar dabarar rage duti ita ce a rage wa mota shekara a takarda, ko a rubuta ƙaramin samfuri a maimakon babba. Idan shasi ya ce 2014, takardar kwastan ta ce 2009, kana riƙe da motar da ba a biya mata daidai ba, ko da ba kai ka yi ba. Tun 2022 da Kwastan ta fara ƙiyasta duti da lambar shasi wannan ƙofa ta ƙuntata, amma motocin da suka shigo kafin nan suna nan cike da gari. Haka kuma motar da aka canja wa fitilu da bamba aka mayar da ita kamar ta bana: shekararta ita ce wadda ke jikin shasi, ita za ka faɗa wa mai saye.

Sai batun hanyar da ta biyo. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. Don haka motar da ta biyo ta Kwatano ko Maraɗi a shekarun da suka biyo baya, takardarta abin dubawa ce sau biyu. Ka ɗauki kwafin takardun ka je ofishin Kwastan na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai, a duba maka. Abubuwa uku ake dubawa da su: lambar da ta fara da harafin C a kan fom ɗin SGD, shekarar da aka biya, da tashar da aka biya. Idan aka ce akwai ciko, ka tambayi hanyar biya a hukumance ka biya, ko ka faɗa wa mai saye a fili a cire daga farashi. A 2024 hukumar ta taɓa buɗe ƙofa ta kwana 90 don masu irin waɗannan motoci su gyara takardunsu, wanda ke nuna maka yawan su.

Hattara: jami'an Kwastan na sintiri, waɗanda hedikwatar shiyyarsu take Kaduna, suna tare motoci a manyan hanyoyi. Ranar da suka kama motar a hannun wanda ka sayar wa, ƙofarka zai fara bugawa, kuma yana da gaskiya.

Abu na ƙarshe a nan shi ne sata. Ana sato motoci daga ƙasashen waje a shigo da su da takardu masu kyan gani. A Satumbar 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Musamman idan motarka babba ce mai tsada kuma ka same ta da araha, ka sa a ciro maka tarihinta da lambar shasi a Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci, ko makamancinsa. Rahoton yakan nuna ko an taɓa kai ƙarar sace ta, ko ta yi haɗari, ko ta sha ruwa, ko daga Copart ko IAAI ta fito, wato kamfanonin da ke gwanjon motocin da suka lalace. A doka da kuma shari'ar Musulunci, idan mai dukiya na asali ya bayyana aka karɓe mota, mai saye kanka zai dawo neman kuɗinsa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka. Cewa ba ka sani ba yana iya kare ka daga tuhumar laifi, amma ba ya ɗauke maka biyan kuɗi.

3. Faɗi aibinta, kuma a rubuce

Ka zauna ka rubuta abin da ka sani. Ta taɓa haɗari an yi mata gyaran jiki da fenti? Jakar iska ta taɓa fashewa? Giya tana fizga idan ta yi zafi? Inji yana shan baƙin mai? An canja inji gaba ɗaya a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa? Wannan na ƙarshe dole a rubuta shi, domin lambar injin da ke jikin mota ta riga ta saɓa da ta takarda. Idan ka san an mayar da lissafin tafiyarta baya, ka faɗa. Ka kuma tuna motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, kada ka ce kilomita alhali mil ne.

Na san mutane suna tsoron wannan, suna ganin zai karya farashi. Yana iya rage wani abu. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo ya ce an cuce shi ba. Aibin da ka faɗa aka rubuta, aka sa hannu, ya fita daga wuyanka. Wanda ka sani ka ɓoye, mai saye yana da damar dawo maka da mota a gaban alƙali, kuma rubuta “an saya yadda aka gan ta” ba ya wanke wanda ya yi ha'inci.

Ka bar shi ya zo da bakanikensa, a sa mata na'ura, a ɗana ta. Amma kai ko yaronka ku kasance a ciki, kuma da rana.

4. Daidaita da dillali tun kafin a taya

A yanke la'ada tun farko: nawa ce, wa zai biya, kai ko mai saye ko ku biyun. Ka faɗi kuɗin da ba za ka sallama ƙasa da shi ba. Sharaɗi ɗaya kuma kada ka sassauta: sai ka ga mai saye ido da ido. Dillalin da ya ƙi haɗa ku, ko dai ya ɗora nasa a kai, ko shi ma bai san wanda zai kai wa ba.

Idan kuma shi dillalin ne zai saya don ya sayar, to shi ne mai saye, sunansa za a rubuta.

Hattara: kada ka taɓa sa hannu a takardar ciniki da aka bar gurbin sunan mai saye a buɗe, wai a cike daga baya. Wannan ita ce hanyar da mota take ratsa hannu biyar alhali takarda tana nuna daga kai ta fito kai tsaye.

5. San wanda kake sayar wa

Kwafin katin shaidarsa mai lambar NIN, ko lasisin tuƙi, ko fasfo. Hotonsa guda biyu. Lambar wayar da ka kira ta yi ƙara a gabanka. Adireshin gida da na wurin sana'a. Kai ma ka ba shi naka, domin yana da haƙƙin sanin wanda ya saya a hannunsa.

A nan ne za ka ji dillali ya ce, “Haba Alhaji, ai mutumina ne, ba sai an yi wannan dogon turanci ba.” Amsar da nake bayarwa ita ce, “Malam, ba rashin yarda ba ne, saboda ɓacin rana ne, akwai mutuwa akwai mantuwa.” Mutumin kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ƙi ba da shaidarsa, ka bar cinikin ko nawa ya taya.

6. Rubuta yarjejeniya

Rasit ɗin dillali ba yarjejeniya ba ne. Lauya zai iya tsara muku, kuma a mota mai tsada shi na fi ba da shawara. Idan da kanku za ku rubuta, da Hausa ko da Turanci, kada waɗannan su ɓace:

Cikakken sunan mai sayarwa da mai saye, da adireshi, da lambar katin shaida. Nau'in mota, samfuri, shekara, launi, lambar shasi, lambar inji, lambar rajista, da abin da agogon tafiya ke nunawa a ranar. Farashi da lamba da kuma kalmomi, da hanyar da aka biya. Jerin takardun da aka miƙa, ɗaya bayan ɗaya. Jerin aibin da ka faɗa. Wanda zai biya kuɗin canjin suna, da ranar da za a je. Sai shaidu biyu baligai, ɗaya daga kowane ɓangare, da lambobin wayarsu. Kada dillali ya zama shi kaɗai ne shaida, domin yana da rabo a cinikin.

Akwai abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa, shi ne lokaci. Ba kwanan wata kaɗai ba, har da ƙarfe nawa. Mota tana iya yin haɗari awa biyu bayan ta bar hannunka. A rubuta jimla irin wannan: “Daga ƙarfe kaza na ranar kaza, motar ta koma hannun mai saye, kuma duk wani haɗari, tara, bashi ko laifin da ya shafe ta daga wannan lokaci yana wuyansa. Duk abin da ya faru kafin wannan lokaci yana wuyan mai sayarwa.” Rabin jimlar na biyu shi ne adalcinta. Idan akwai tarar Karota, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ko ta jami'an kiyaye haɗurra da ke kanka, ka biya kafin ranar.

Kowa ya sa hannu a kowane shafi, ya kuma dangwala yatsa. A yi asali biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Daga nan ku wuce kotu a yi takardar rantsuwa ta canjin mallaka a gaban jami'in rantsarwa, kamar a babbar kotun jiha da ke Sakatariyar Audu Baƙo ko ta titin Miller. Ka karɓi rasit na kotu, ka duba hatimi.

Hattara: takardar rantsuwa hujja ce a hannunka, amma ba ta canja komai a rajistar gwamnati. Da yawa a nan suke tsayawa suna zaton sun gama.

7. Karɓi kuɗi ta banki

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma miliyan 10. A farashin yau kusan duk motar tokumbo ta haura haka. Ko ba don doka ba, turawa ta banki tana bar maka shaida mai rana da lokaci da suna.

Kuɗin ya fito daga asusun mai saye. Idan wani ne zai biya masa, a rubuta sunansa a yarjejeniya. Ka sa a rubuta a bayanin turawar cewa kuɗin mota ne, da ƙarshen lambar shasi.

Hattara: saƙon waya ba shaida ba ne, hoton rasit ma haka. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, ko ka shiga banki a duba maka. Masu alat na bogi sun fi son yammacin Juma'a da ranakun hutu.

Idan kafin alƙalami aka bayar, a rubuta nawa ne, zuwa yaushe za a cika, da abin da zai faru idan aka fasa. Mota tana gidanka har a cika. Sayarwa bashi ko biya kaɗan-kaɗan kuwa shi ne mafi haɗari, domin mai sayarwa yakan ƙi canja suna wai don ya tsare kuɗinsa, sai ya zama mota tana yawo a hannun wani da sunansa, wani lokaci ma haya ake yi da ita zuwa Abuja. Ra'ayina, ko dai ta zauna a wurinka har a gama biya, ko a canja suna a rubuta bashin daban, da shaidu da mai tsaya masa ko jingina. Aya ta 282 a Suratul Baƙara a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba sabon abu ba ne a wurinmu.

8. Ku je ofishin lasisi tare

Wannan shi ne matakin da ya cire sunanka, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Dokokin zirga-zirgar hanya na ƙasa na 2012 sun ɗora wa tsohon mai mota sanar da hukumar rajista cewa mallaka ta canja, a fom mai suna MVA 5, cikin kwana 30. Ka lura, a kanka aka ɗora, ba a kan mai saye kaɗai ba. A Kano ofisoshin lasisin mota suna ƙarƙashin Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jiha, KIRS, mai hedikwata a titin Banki. Ku tafi da asalin takardun mota, yarjejeniya, takardar rantsuwa, katin shaidar kowa, hotuna, da motar kanta domin a duba shasi da inji. Idan a wata jiha aka yi mata rajista, misali lambar Legas ko Abuja gare ta, ka faɗa musu tun farko, domin bayananka a can suke.

Batun lamba yana buƙatar natsuwa. A tsarin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, lambar mota tana ɗaure ne da sunan mutum da adireshinsa da wayarsa, shi ya sa hukumar ta sha gargaɗin masu sayar da mota kada su bar lambarsu ta tafi haka nan. Abin da ya fi tsabta shi ne a cire taka, mai saye ya yi sabuwa da sunansa. Daga Yunin 2025 kuɗin lambar mota ta gida naira 30,000 ne a hukumance. A kansa akwai kuɗin canjin mallaka, da lasisi, da takardar lafiyar mota, waɗanda suke bin nau'in mota da girman inji. A al'ada mai saye ne ke biya, amma idan ka ga yana jan ƙafa saboda kuɗin, gara ka rage masa daga farashi a yi a gabanka. Abin da ƙanina ya kashe a zarya ya fi haka.

Lambar da ka cire kada ka ɗaura ta a wata motarka da kanka, kada kuma ka jefar da ita a gareji. Ka tambayi jami'in ofishin yadda za a yi da ita, a rubuta.

Hattara: 'yan kayi-nayi suna tsaye a bakin kowane ofishi. Wasu suna aiki da gaskiya, wasu kuwa takarda za su buga maka mai kyau wadda ba ta shiga kwamfuta ba. Ka karɓi takardar ƙiyasi daga ofis, a biya ta banki ko hanyar da hukuma ta tanada, a karɓi rasit. Sabuwar lamba ana iya duba ta a shafin tantance lamba na FRSC a intanet.

Kada ka bar wurin sai da kwafin fom ɗin da aka buga wa hatimi. Idan sabon lasisi da takardar mallaka suka fito da sunansa, ka karɓi kwafinsu su ma.

Motar da ba a taɓa yi wa lamba ba, wannan mataki ya fi sauƙi: mai saye ne zai yi rajistar farko. Sai dai kada ka ara masa wata lamba ya tafi da ita gida.

9. Kwashe sauran abin da ke ɗauke da sunanka

Inshora yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani, ba ta bin mota da kanta. Ka sanar da su ka sayar. Mai saye ya yi tasa, ta kamfanin inshora ko na takaful. Mafi ƙanƙanta, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, naira 15,000 ce a shekara ga motar gida tun 1 ga Janairun 2023, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3.

Idan ka yi rajistar motoci ta 'yan sanda, wato CMR, a sabunta ta. Izinin gilashi mai duhu da sunanka aka bayar, ba ya wucewa ga wani. Na'urar bin sawu a cire ta ko a mayar da ita kan wayarsa da saninsa. Ka ɓamɓare sitikar wurin aiki, ta unguwa, ta ƙungiya ko ta jam'iyya. Ka goge wayarka daga rediyon mota, ka duba ƙarƙashin kujeru da but.

10. Miƙa makulli

Sai yanzu. Duk makullan, har na ajiya, da safaya da jak. Ku ɗauki hoto tare a gaban motar, da hoton agogon tafiya, da na shasi. Ya sa hannu cewa ya karɓa, da lokaci.

Ka haɗa komai a fayil ɗaya, ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka ta imel, ka kuma nuna wa mutum ɗaya a gida inda fayil ɗin yake. Kada ka zubar da shi bayan shekara ɗaya ko biyu.

11. Idan ka riga ka sayar ba ka yi haka ba

Yawancin masu tambayata a nan suke. Ka fara da neman mai saye ta hannun dillali tun ana iya samunsa, ku je ku gyara. Idan ya ɓace, ko ya sayar wa wani, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa mai bayyana ranar da ka sayar, wanda ka sayar wa, da bayanan motar. Ka rubuta wasiƙa zuwa ofishin lasisin da aka yi rajista, da ofishin FRSC na jiha, ka haɗa da kwafin rantsuwar da duk shaidar da ta rage maka, ko da bayanin asusun banki ne na ranar da kuɗin suka shigo. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Ka kuma shigar da bayani a ofishin 'yan sanda na yankinku, ka karɓi kwafin abin da aka rubuta.

Idan an riga an kira ka, ka je, kada ka ɓuya. Ka tafi da fayil ɗinka da lauya ko wani babba, kada kuma ka sa hannu a bayanin da ba ka karanta ba.

12. Idan kana ƙasar waje

'Yan uwanmu da ke Saudiyya, Dubai, Turai ko Amurka sukan turo mota ko su bar tasu a gida, su ce wa ƙani ya sayar, duk ta saƙon murya. Wannan ba ya isa. A sa lauya ya tsara takardar wakilci mai ɗauke da mota ɗaya tak da lambar shasinta, sunan wakili, mafi ƙarancin farashi, asusun da za a zuba kuɗi, da ranar da wakilcin zai ƙare. Ka sa hannu a gaban jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardu a ƙasar da kake, ko a ofishin jakadancin Najeriya, kamar ƙaramin ofishin da ke Jidda. Ka turo asali, da kwafin fasfonka. A yarjejeniya a rubuta cewa wakili ya sa hannu ne a madadinka, a liƙa kwafin wakilcin a baya. Mataki na 8 yana nan a kansa, kuma ka ce ya turo maka hoton fom mai hatimi kafin ka ba shi nasa ihsanin.

Idan motar da sunanka take a rajistar can kafin ka loda ta a jirgi, can ma sai ka rufe. Ka sanar da hukumar rajistar motoci cewa ka sayar ko ka fitar da ita, ka mayar da lamba inda ake mayarwa, ka soke inshora. A jihar Kalifoniya ta Amurka, misali, kwana 5 aka ba mai sayarwa ya shigar da sanarwar. Takardar da suka ba ka ta shaidar rufewa, ka turo kwafinta Kano a sa ta cikin fayil ɗin motar.